Ɗaliban Dutsi da Tibiri: Haddar amsa ba za ta fitar da ku a gwajin Ingilishi ba

Akwai wata tambaya da kusan duk wanda ya taɓa zama gaban mai gwajin baka na harshen Ingilishi ya ci karo da ita, wato a ce masa: kana son karatu kuwa, kuma wane littafi ka karanta kwanan nan? Tambaya ce mai sauƙi wadda ko yaron firamare zai amsa in da Hausa aka yi masa ita. Amma abin mamaki, a nan ne da yawa daga cikin ɗalibanmu na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri suke yin tuntuɓe, ciki har da masu ƙoƙari waɗanda ke samun maki mai kyau a rubuce. A nawa ganin, ba ƙwaƙwalwa yaran nan suka rasa ba. Matsalar tana wajen yadda muke shirya su, domin mun ɗora su a kan haddace amsa game da littafin da ba su taɓa buɗewa ba.

Wani zai ce mene ne abin damuwa, tunda da Faransanci muka yi boko? To ai zamani ya juya. Kundin sake gina ƙasa wanda Janar Abdourahamane Tiani ya sanya wa hannu ranar 26 ga watan Maris na 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ban da wannan, mu mutanen ƙasar Arewa a bakin iyaka muke zaune. Tsallaken iyaka kaɗan, ga 'yan uwanmu Arawa na Kangiwa a Jihar Kebbi, waɗanda da Ingilishi suke karatu. Ɗan Matankari ko Gesheme ko Koré Mairuwa da ya samu bakaloriya yana iya neman gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero, wani kuma ya hango Ghana ko Indiya ko Malesiya. A irin waɗannan wurare, da kuma wajen neman aiki a ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, ba da wuya ba ne a zaunar da mutum a ce ya buɗe baki ya yi magana. Idan ya kasa, gurbi ya tafi, kuɗin da iyaye suka sayar da gero ko akuya suka tara kuma sun bi ruwa.

Bari mu ɗauki misali da jarrabawar IELTS, wadda jami'o'i masu yawa a duniya ke nema kafin su karɓi baƙon ɗalibi. Ɓangarenta na baka hira ce tsakanin mai gwaji da ɗalibi, ta minti 11 zuwa 14, an kasa ta kashi uku. A kashi na farko ana yi wa mutum gajerun tambayoyi game da rayuwarsa, irin su gida da aiki da abin da yake yi a lokacin hutu, kuma a nan maganar karatu takan faɗo. A kashi na biyu ana miƙa masa kati mai ɗauke da batu, misali ya yi bayanin wani littafi da ya burge shi, a ba shi minti ɗaya ya shirya, sannan ya yi magana har zuwa minti biyu. A kashi na uku kuma mai gwaji yana zurfafa tambaya a kan batun. Makin yana tashi har zuwa 9, kuma abubuwa huɗu ake aunawa: gudanar magana da haɗuwarta, yalwar kalmomi, ingancin nahawu, da lafazi. Mai karatu ya duba da kyau, a cikin huɗun nan babu inda aka ware maki don girman littafi ko shaharar marubucinsa.

Sai dai kash, abin da ya zama ruwan dare shi ne a rubuta wa ɗalibai amsa a allo, ko su kwaso ta daga intanet, kowa ya haddace. Sai ka ji yaro yana rera cewa littafin da ya fi so shi ne Things Fall Apart na Chinua Achebe, domin yana koyar da al'adun Afirka, da murya irin ta mai biya hadda. Littafin kam babu laifi a kansa, tun fitowarsa a 1958 duniya ke karanta shi. Amma da zarar mai gwaji ya ce, to wane mutum ne ya fi ba ka tausayi a cikin labarin, kuma me ya sa, sai ɗaki ya yi tsit. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, sun kuma ce kayan aro ba ya rufe katara. Masu gwajin nan an horar da su kan gane amsar hadda, kuma ba ta samun maki mai kyau, domin ba ta nuna abin da mutum zai iya yi da harshen in an sake shi shi kaɗai.

Idan ka tambayi yaro me ya sa ya ari littafin wani, sai ya ce ai shi ba ya karatu. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Yaron da ya tashi a Dutsi ya fara riƙe allo tun kafin ya san hanyar lekol. Ya karanta Alƙur'ani, mai yiwuwa ya wuce zuwa Ahalari da Ishmawi, ya saurari Ishiriniya a watan Maulidi. Ɗan gidan Kirista yana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa. 'Yan matanmu suna bin littattafan marubutan Kano, a da a takarda, yanzu kuma shafi bayan shafi a WhatsApp. Samari suna bin labarin ƙwallo da kokowa a waya. A aji kuma an karanta rubuce-rubucen Faransanci. Duk wannan karatu ne, kuma duk ana iya ba da labarinsa da Ingilishi. Mai gwaji bai ce sai littafin Ingilishi ba, cewa ya yi ka yi masa bayani da Ingilishi. Kunya ce kawai da raina namu suka sa yaro yake ganin in ya ambaci Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam za a ɗauke shi ɗan ƙauye, alhali kuwa littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, har fassara shi aka yi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012.

Mu kuwa Arawa muna da abin da ba kowa ke da shi ba. Marigayi Abdoulaye Mamani ya wallafa littafinsa Sarraounia da Faransanci a 1980, a kan Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Lugu a ƙasarmu take. Ɗalibin da ya karanta wannan littafi, ya kuma ji yadda tsofaffi ke ba da labarin a gida, zai iya cika minti biyu ba tare da laluben abin faɗa ba. Zai ce ga inda littafin ya dace da abin da kakarsa ta gaya masa, ga inda suka saɓa. Kowace tambaya aka jefo masa yana da amsa, domin a gonarsa ake noma. Hankalinsa sai ya koma kan gyara jimla da lafazi, maimakon fargabar kada layi na gaba ya ɓace masa.

To ta yaya za a gyara? Shawarata ga malaman Ingilishi, tun daga ajin farko na kwaleji har zuwa ajin ƙarshe na lise, ita ce su koya wa ɗalibi ya riƙe tambayoyi huɗu a ransa duk lokacin da aka tambaye shi game da karatu: me na karanta, yaushe kuma a ina, me ya faru a ciki, me ya sa ya tsaya mini a rai. Wanda ya amsa huɗun nan da jimla biyu-biyu ya riga ya yi jimla takwas nasa na kansa. A hana shi tsayawa a kan e ko a'a, a saba masa da kawo dalili da misali ɗaya daga rayuwarsa. Maimakon ya ce yana son karatu sosai ya yi shiru, ya ce yana karatu bayan sallar isha'i da fitilar waya, domin da rana yana taya babansa ban-ruwan dankali a fadama. Wannan amsa ta fi amsar aro nesa ba kusa ba, kuma babu wanda zai iya kama shi da ƙarya a cikinta.

Ba da labarin littafi yana da wani amfanin kuma. A Hausa, lokacin aiki yana fitowa ne a jikin wakilin suna, mu ce ya tafi, yana tafiya, zai tafi, shi kuwa Ingilishi jikin aikatau yake sauyawa. Shi ya sa Bahaushe ke yawan manta mayar da aikatau zuwa shuɗaɗɗen lokaci. Babu atisayen da ya kai ba da labari gyara wannan, domin labari kusan duk a shuɗaɗɗen lokaci yake tafiya. Haka nan wajen lafazi, mun san inda muke zamewa: haɗa sautin p da f, da kuma furta kalmar Ingilishi da muryar Faransanci. Ɗalibi ya ɗauki muryarsa a waya na minti biyu, ya saurara, ya sake. Da kunnensa zai ji abin da malam ya daɗe yana faɗa masa.

Na san wasu malamai za su ce aji cike yake maƙil, lokaci kuma kaɗan ne, ɗalibi mai rauni in bai haddace ba ko kalma ɗaya ba zai furta ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na raina wahalar da suke sha. Hadda ma ba abin ƙi ba ce, da ita muka riƙe Alƙur'ani. Amma a haddace kayan aiki, wato kalmomin haɗa magana, da yadda ake buɗe bayani, da yadda ake roƙon mai gwaji ya maimaita tambaya cikin ladabi, a bar wa ɗalibi ya zuba nasa labarin a ciki. Yawan ɗalibai kuma ba ya hana a haɗa su biyu-biyu na minti biyar a farkon darasi, ɗaya ya tambaya ɗaya ya amsa, sannan su sauya. In an yi haka sau biyu a mako tun daga watan Oktoba, kafin ƙarshen shekara baki ya saki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura kuma mu iyaye da masu hali. Gaskiya ce littattafai sun yi ƙaranci a makarantunmu, musamman na karkara, inda ɗalibi kan gama kwaleji bai riƙe wani littafin Ingilishi ba in ban da na darasi. Amma 'yan kasuwarmu suna shiga Sakkwato da Kano, inda ake samun ƙananan littattafan labari na Ingilishi da na Hausa. Ƙungiyoyin 'yan asalin Arewa mazauna Yamai, da tsofaffin ɗalibai, da hukumomin garuruwa irin su Kieshe da Dumega da Dankasari, za su iya ajiye akwatin littattafai ɗaya a kowace kwaleji, a danƙa wa malami guda ya riƙa ba da aro. Gidajen rediyon al'umma su ware rabin awa a mako ɗalibai su zo su ba da labarin abin da suka karanta, da Hausa sannan da Ingilishi. Uba kuma ko bai ji Ingilishi ba, zai iya tambayar ɗansa da dare abin da ya karanta yau, domin wanda ya saba tsara labari da harshen uwa ba zai sha wuyar tsara shi da wani harshe ba.

A ƙarshe ina kira ga ɗalibanmu da ke shirin kowane irin gwajin baka, ku zaɓi littattafai biyu ko uku da kuka karanta da gaske, ko da wane harshe aka rubuta su, ku yi ta ba da labarinsu da Ingilishi ga abokanku har bakinku ya saba. Allah Ya ba 'ya'yanmu sa'a, Ya sa karatun ya amfane su ya amfani ƙasa baki ɗaya, amin.