Jar Dara da Hanyar Daura

Tun ina yaro a Magariya na san wani dattijo wanda, duk ranar kasuwa, yakan ɗora wata koɗaɗɗiyar jar dara, ya liƙa lambobi biyu a ƙirjin rigarsa, ya zauna gindin bedi yana yi mana fareti da sanda. Mu kuwa sai dariya, muna kiransa Baba Soja, ba mu san nauyin abin da hular nan take ɗauke da shi ba.

Asalin al'amarin, a 1857 ne Gwamna Faidherbe na Faransa ya kafa rundunar baƙar fata a Sanagal, sunan Sanagal kuwa ya bi duk wanda ya sa kakin da jar dara irin ta Baba Soja, ko Babambare ne, ko Bazabarme, ko Bahaushe. Da irin waɗannan askarawa ne Nasara, waɗanda adadinsu bai taka kara ya karya ba, suka ci Damagaram: askarawan ne suka bi hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suna ƙone garuruwa a 1899, su ne kuma, da zalunci ya wuce haddi, suka juya bindiga suka harbe su biyun a wajejen Maijirgi, sa'an nan suka bi ragowar hafsoshi suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ɗiban soja, wanda dokar 1912 ta buɗe ƙofarsa, ta 1919 kuma ta mayar da shi tamkar haraji na shekara-shekara. Kumandan yakan yanka wa kowane sarki adadin samari, kuma sanin kowa ne sarki ba ya miƙa ɗan cikinsa matuƙar akwai ɗan talaka, ko bara, ko maraya. Mutanen Magariya da Dungas, Allah da ikonsa, sun sami mafitar da na Tanut ba su samu ba, domin tafiyar dare ɗaya takan kai saurayi Zangon Daura ko Ɓaure ko Babura, wajen dangin uwarsa, inda Ingilishi ba su shimfiɗa irin wannan doka ba. A ganina, wanda ya ɗaure tabarmarsa ya sulale cikin gero da tsakar dare bai cancanci a kira shi matsoraci ba, ko da yake babu wanda ya rubuta sunansa a jikin dutse.

Waɗanda suka tafi yaƙin Hitila fa, me suka samu? A Thiaroye, kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, aka buɗe wa wasunsu wuta don sun nemi haƙƙinsu. A 1959 kuma majalisar Faransa ta daskarar da fanshonsu, ba a daidaita shi sosai da na Faransawa ba sai a 2011, lokacin da galibinsu sun riga mu gidan gaskiya. Baba Soja yakan naɗe takardar fanshonsa a cikin fata kamar laya, ya rataya a wuya, ba ya yarda ko jikansa ya taɓa.