Bindigar roba ba wasa ba ce

Da zarar Sallah ta ƙarato, 'yan tebur a kasuwannin Madawa, Buza da Keita sai su baje bindigogin roba masu harba ƙwaya, mu iyaye kuma mu zaro kuɗi mu saya. In ka yi magana a ce maka: "Haba Malam, ai wasa ne, har a gasar Olamfik ana harbi."

Ana yi, gaskiya ne. Amma can mai bindigar iska mita 10 yake tsayawa daga takardar da zai harba, in ƙaramar bindigar hannu ce ba ta wuce kilo 1.5, alƙali na tsaye a bayansa, kuma juya bakinta wajen mutum laifin kora ne. Yaranmu na Tama fa? Fuskar ƙannensu suke auna. Ƙwayar ƙarama ce, amma tana fasa ido, sai a kwashi yaro zuwa asibitin Galmi.

Kuma a jihar Tawa muke, inda 'yan bindiga suka kashe mutum 137 a yankin Tilliya a watan Maris na 2021. Yaron da ya rufe fuska da rawani yana harbin 'yan uwansa, wa yake kwaikwayo?

Mu ƙwace a bakin aji, da marece uwa ta zo biko. Hajiya, ki saya masa ƙwallo mana.