Karatun Kwamfuta a Duwala: Ina 'Ya'yan 'Yan Kasuwar New Bell?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar BAC ya fito a watan Yuli, sai tallace-tallacen makarantu masu zaman kansu su cika gidajen rediyo da bangon titunan Duwala, kowace tana cewa ita ce uwa ma ba da mama a fannin kwamfuta. A daidai wannan lokaci ne kuma iyaye daga New Bell da Bali da kewayen Kasuwar Kongo suke yawan bugo mana waya a filinmu na rediyo da tambaya guda: Malam, yaro ya gama sakandare, in zaunar da shi a shago ne, ko in biya masa wannan karatu na na'ura mai ƙwaƙwalwa? Tambayar ta shafi ɗan kasuwar Kusiri da na Amcide da na Garwa-Bulai kamar yadda ta shafe mu, domin da yawa daga cikin kayan da suke sayarwa ta tashar jiragen ruwan Duwala suke shigowa.

Tun zamanin Jamusawa kakanninmu suke fatauci a wannan gari, da goro da shanu da tufafi, kuma jarinsu na farko shi ne amana. Alhaji yana riƙe da bashin mutum ɗari a kansa, ko a wani ɗan littafi da ya rubuta da ajami, ba ya mantuwa. Wannan tsari ya yi aiki shekaru masu yawa. Sai dai idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Idan mai karatu bai manta ba, a 2007 ne hukumar duwan ta Kamaru ta mayar da aikin fitar da kaya a tashar Duwala kan tsarin kwamfuta mai suna SYDONIA, sannan a 2020 ta maye gurbinsa da CAMCIS, wanda aka gina da taimakon Koriya ta Kudu. Kayan da za su wuce Cadi da Afirka ta Tsakiya ma ta cikin na'ura ake bin sawunsu. Haraji kuwa yanzu sai da lambar NIU, kuma ta intanet ake bayyana shi. Kuɗi ma sun koma cikin waya, tun da MTN ta fito da nata tsarin aika kuɗi a 2010, Orange ta biyo baya a 2011, har gwamnati ta ga abin ya yi kauri ta ɗora masa haraji daga Janairun 2022. 'Yan uwanmu na ɓangaren Nijeriya kuwa ba sai an ba su labari ba: a farkon 2023, lokacin da aka canza takardun naira tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, wanda ba ya karɓar tiransifa zaman kashe wando ya yi a rumfarsa.

To, wa ke zaune a gaban waɗannan na'urori? A nan gizo ke saƙar. Mu da muke yawo a kasuwanni mun sani cewa mafi yawan alhazanmu, idan takarda ta taso, sai su aika yaro wurin wani mai shagon intanet ko wani ɗan tsakani, a biya shi ya cika. Kuɗin da ake biya ba shi ne babban abin damuwa ba. Abin damuwar shi ne, wannan mutum ya san abin da ka sayo, da nawa ka sayo, da wurin wanda ka sayo, wani lokaci har lambar sirrinka tana hannunsa. Ɗan kasuwar da ba ya gaya wa ƙaninsa ribar da ya ci, ga shi ya miƙa cikinsa gaba ɗaya ga baƙo. Idan aka yi kuskure a lissafi kuma, tarar kansa take faɗawa.

Shi karatun yana nan kusa da mu. Jami'ar Duwala, wadda aka kafa a 1993, tana da cibiyar fasaha da ake kira IUT a Ndogbong, inda ake shiga ta hanyar jarrabawar gasa, a yi shekara 2 a sami takardar DUT a fannin kwamfuta ko na haɗa layukan sadarwa, wanda ya so ya ƙara shekara guda ya sami digiri. Makarantu masu zaman kansu kuma suna shirya ɗalibai domin jarrabawar ƙasa ta BTS, ko HND ga masu Ingilishi, ita ma shekara 2. Kuɗin rajista a jami'o'in gwamnati sefa dubu 50 ne a shekara, amma a makarantun kuɗi maganar ta dubu ɗaruruwa ce, ban da kuɗin kwamfutar yaro da na mota.

Iyaye da yawa sun ɗauka karatun kwamfuta shi ne buga takarda da gyaran waya irin na kasuwar Dubai da ke Akwa. Ba haka ba ne. Akwai masu koyon rubuta wa na'ura umarni, wato su ne ke ƙera manhajar da kake latsawa a wayarka. Akwai masu koyon haɗa na'urori su riƙa magana da juna, daga shago zuwa sito, daga Duwala zuwa Ngaundere. Amma a ganinmu wanda ya fi kusa da ɗan kasuwa shi ne na uku, wato ilimin rumbun adana bayanai. Wannan ba komai ba ne illa littafin bashin nan na Alhaji, sai dai shi ba ya jiƙewa da ruwan saman Duwala, kuma idan an ajiye kwafinsa a wani wuri, gobarar kasuwa ba ta cinye shi. Mutanen Kasuwar Kongo da Mboppi sun san abin da muke nufi, domin sau da yawa bayan wuta ta mutu, asarar littafin bashi ta fi ta kaya ciwo. A cikin irin wannan rumbu ana rubuta kowane buhu da ya shiga da wanda ya fita, da sunan wanda ya karɓa, da ranar da zai biya. Ka tambaye shi su wa suka wuce wata uku ba su biya ba, nan take ya jero maka su. Ka tambaye shi wane kaya ne ya kwana biyu a sito, ya faɗa maka. Shi kansa CAMCIS da asusun kuɗin wayarka duk a kan irin wannan rumbu suke zaune.

Sai dai kuma kada mu yaudari kanmu cewa mallakar na'ura shi ne ilimi. A 2016 gwamnati ta yi alkawarin raba wa ɗaliban jami'a kwamfutoci dubu 500, da bashin sefa biliyan 75 daga ƙasar Sin, aka fara rabawa a ƙarshen 2017. Ɗalibai sun yi ta ƙorafi kan ƙanƙantar ma'ajiyarsu, wasu kuma kasuwa suka nufa da su. Haka nan mun taɓa ziyartar wata makarantar kuɗi a nan gari, muka tarar da aji cike da ɗalibai suna kwafar darasin haɗa layuka daga allo, na'urorin gwajin kuwa suna kulle a ofishin shugaba. Yaron da ya fito daga irin wannan wuri takarda zai kawo gida, ba sana'a ba.

Maganar aiki ma sai an yi ta da gaskiya. Masu takardar BTS da ke tuƙa babur a Ndokoti ba su da wuyar gani. Bugu da ƙari, tun daga ƙarshen 2022 da ChatGPT da ire-irensa suka bayyana, ƙananan ayyukan rubuta manhaja sun yi araha. Amma ɗan ɗan kasuwa yana da abin da sauran ba su da shi, wato shagon mahaifinsa da na abokan mahaifinsa, inda zai fara gwada abin da ya koya tun yana shekarar farko. Ya san yaren kasuwa, kuma an san gidansu. Ana kuma bukatar wanda zai san abin yi ranar da layi ya ɗauke, kamar yadda ya faru ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, harkoki suka tsaya cik daga Abijan zuwa Legas har Duwala.

Babban cikas ɗinmu yana can baya. Ba a shiga IUT ko ajin BTS sai da BAC ko GCE mai zurfi, kuma karatun yana son lissafi da Faransanci, littattafansa masu kyau kuma yawanci da Ingilishi suke. Yaranmu da yawa tun daga aji uku ko huɗu na sakandare ake janye su zuwa kasuwa, 'yan mata kuwa ba a ma kai nan ba, alhali wannan aiki ne da mace za ta iya yi daga ɗakinta. Nji Collins, yaron Bamenda da ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci gasar Google ta matasa, yana da shekara 17 aka sanar da nasararsa a farkon 2017, a daidai lokacin da aka yanke wa yankinsu intanet na kusan wata uku. Tun yana sakandare ya fara.

Ga wanda ɗansa ya riga ya ci BAC, shawararmu ita ce a fara gwada jarrabawar IUT. Idan ba a dace ba aka koma makarantar kuɗi, Alhaji ya je da ƙafarsa, ya nemi a nuna masa takardar izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, ya shiga ɗakin na'urori ya ƙirga masu aiki, ya kuma tambayi kamfanonin da ɗaliban bara suka yi koyon aiki a cikinsu, kafin ya biya kason farko.