Jifiyas A Kwalekwale: Kafin A Ɗaura Wa Masuntan Tiga Na'ura

Duk lokacin da kwalekwale ya kife da bayin Allah a ƙasar nan, muhawarar da ke biyo baya a tsakaninmu 'yan boko ba ta cika wuce kwana uku ba, kuma a 'yan shekarun nan ta sami sabon amshi. Sai ka ji ana cewa wai me ya hana a ɗaura wa jiragen nan na'urar da ke nuna hanya ta tauraron ɗan Adam, wadda Bature ke kira da haruffa uku, bakin Bahaushe kuwa ya riga ya lanƙwasa ta ta zama jifiyas? Ai masunta a gaɓar tekun Senegal da Ghana da Indiya sun daɗe da riƙe ta a hannu, ai masu ƙananan jiragen da iska ke korawa a Turai ba sa barin gaɓa sai da ita. Ina cikin masu son a kawo ta ruwayenmu na kudancin Kano. Sai dai ina jin tsoron irin kawowar da muka saba yi, ta a tara jama'a, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a miƙa kwali, sannan bayan wata shida a tarar da kayan a kasuwar 'yan waya.

Mai karatun da ya san Tiga a taswira kawai ya kamata ya fara sanin girman abin da ake magana a kai. An gina madatsar ne a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a ƙasar Bebeji, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. Idan tafkin ya cika yakan shimfiɗu a kan murabba'in kilomita kusan 178, yana miƙewa kudu ta ƙasar Tudun Wada har zuwa bakin dajin Falgore, inda kogin ke fitowa daga wajen Doguwa. Da wannan ruwa ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, wato tumatirin da shinkafar da muke ci a birni. Mutanen Kiru kuwa suna maƙwabtaka da madatsar Challawa ta Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992. Waɗannan ba kududdufai ba ne. Mutum na iya kasancewa a tsakiyar Tiga da hantsi a watan Janairu, hazo ya rufe, ya duba gabas da yamma bai ga tudu ba.

Yadda na'urar ke aiki ba shi da wuyar fahimta, kuma fahimtarsa ita ce ke raba mu da ruɗu. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta ƙirƙiro tsarin, ta harba tauraro na farko a 1978, ya kammala a 1995. Taurari kimanin 30 ne ke kewaya duniya a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagayowa sau biyu a yini, kowanne yana ta shelanta inda yake da kuma daidai lokacin da ya yi shelar. Na'urar da ke hannunka saurara kawai take yi. Idan ta ji aƙalla guda huɗu, sai ta auna daɗewar da saƙon kowanne ya yi a hanya, ta lissafa inda take. Kafin Mayun 2000 Amurkawa da gangan suke gurɓata saƙon ga farar hula, har kuskure ya kai mita 100, sai Shugaba Clinton ya ba da umarni aka daina. Yanzu kuskuren 'yan mitoci ne, kuma Rasha da Turai da Sin duk sun harba nasu, wayoyin zamani na sauraren su gaba ɗaya. Ba ta bukatar kati, ba ta bukatar sabis ɗin kamfanin waya, abin da da yawa daga cikin masu digirinmu ba su sani ba.

To amma a lura da kalmar nan, saurara. Jifiyas ba ta magana da kowa. Ba ta gaya wa jami'an Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano, waɗanda su ne aka saba kira idan ruwa ya ci mutum, cewa ga jirgi can yana nutsewa. Ba ta ganin kututturen da ke kwance taku ɗaya a ƙarƙashin ruwa. Uwa uba, ba ta ƙirga fasinja. Ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, ɗauke da mutanen Badau da ke kan hanyar zuwa Mauludi, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, aka rasa rayuka aƙalla 29. Matuƙin nan bai ɓace hanya ba, ya san ruwan kamar tafin hannunsa. Lodi ne ya fi ƙarfin jirgi. Haka labarin yake a Warra ta Jihar Kebbi a Mayun 2021, haka yake a Patigi ta Jihar Kwara a Yunin 2023, inda a kowanne aka yi asarar mutane masu ɗimbin yawa: jirgi tsoho ko maƙare, fasinja ba rigar ruwa, wani lokaci kuma ga duhun dare. Duk wanda ya ce na'ura za ta magance wannan, ko dai bai san na'urar ba, ko kuwa yana da kwangilar sayo ta.

Inda take da amfani na gaske wani wuri ne daban, kuma masunta sun fi masu fito bukatarta. Mai kalli ko mamari yakan shimfiɗa kayansa da yamma ya koma da asuba, kuma a lokacin hunturu neman gorar da ya bari alama na iya cinye masa safiya guda. Da na'ura, danna maɓalli ɗaya ya isa ya adana wurin. A farkon damina kuma, lokacin da hadari ke tasowa daga gabas ba sallama, ruwan sama ya rufe ido, igiyar ruwa ta juya goshin jirgi, abin da matuƙi ke bukata shi ne kibiyar da za ta nuna masa mashigi mafi kusa da kuma nisansa. Kakanninsa da Gamzaki da Kaza-da-'ya'yanta suke gane gabas, amma tauraro ba ya fitowa a cikin hadari. Idan kuma tsautsayi ya auku, wanda ya tsira zai iya faɗin daidai inda abin ya faru, maimakon masu ninƙaya su kwana uku suna lalube.

Ɗaura ta a jirgi ma ba abin wasa ba ne, domin kwalekwale ba mota ba ne. Matuƙi a baya yake zama, hannunsa biyu a kan filafili ko a kan hannun inji, saboda haka dole na'urar ta zauna inda zai gan ta ba tare da ya saki abin da ke hannunsa ba, wato a kan katakon da ke gabansa, an ɗan karkata fuskarta don kada rana ta kashe rubutun. Dole samanta ya kasance a buɗe, domin rumfar kwano ko buhunan kaya da aka jibga a kanta na toshe saƙon. Kada a kafa ta a jikin inji, girgiza za ta kwance ta. Mazauninta a ɗaure shi da sukurun da ba ya tsatsa, kuma kada kafinta ya kuskura ya huda jikin jirgi a ƙasa da inda ruwa ke kaiwa. A sa mata igiya a ɗaure da jirgi ko da mazaunin ya karye. Wuta kuwa, batirin babur da ƙaramin farantin sola sun wadatar, muddin an sa fis, an kuma ɗaga batirin daga ƙasan jirgi inda ruwa ke taruwa kafin a kwarfe. Ta kasance mai cirewa, a tafi da ita gida da yamma, don mun san halinmu. Wanda ba shi da kuɗin wannan duka, wayarsa a cikin jakar leda mai rufewa, rataye a wuya, ta fi babu, in dai ya sauke taswirar tun yana tudu.

A nan ne muka iso ga ainihin matsalar, wato taswirar kanta. Buɗe wayarka ka dubi Tiga: shuɗin fili ne fetal, ba zurfi, ba dutse, ba kututture. Alhali kuwa wannan tafki a kan gonaki da garuruwa da kurmi aka kwantar da shi, kuma abin da ruwa ya rufe bai tafi ko'ina ba. Ƙari a kan haka, tafkin ba ya zama da fuska ɗaya. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are na sakin ruwa duk rani don noma, ruwa ya ja baya, hanyar da aka bi lafiya a Oktoba ta zama tarko a Afrilu, ga laka da yashin da kogi ke kawowa shekara hamsin suna sauya ƙasan. Ko tsofaffin taswirorin safiyo na kafin a yi madatsar, waɗanda za su nuna inda tuddai da kwazazzabai suke, an zana su ne bisa ma'aunin Minna, na'urar kuwa da ma'aunin duniya na 1984 take lissafi, kuma tsakanin biyun akwai bambancin gomman mitoci. A tudu wannan ba komai ba ne. A ruwa shi ne tsakanin wucewa da fashewar jirgi.

Taswirar gaskiya ta Tiga tana nan, amma a cikin kawunan mutane take. Tana wurin Sarkin Ruwa da dattawan masunta, 'yan ƙasa da Sarkawan da suka biyo kifi suka zauna. A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda wannan ilimi yake ajiye a cikin sunaye. Masunci ba ya cewa wuri kaza digiri 11 da 'yan kai ne arewa, digiri 8 da 'yan kai gabas. Yana kiran wurin da sunan kukar da ruwa ya cinye, ko sunan garin da aka tasa, ko sunan wani da ya taɓa halaka a nan, kuma a cikin sunan akwai gargaɗi. Dattawan da suka san ƙasar tun tana tudu, suka yi noma a inda yanzu ake jefa birgi, yau sun haura saba'in. Kowace shekara muna binne wani yanki na taswirar. Aikin da nake ganin ya fi gaggawa, kuma ya fi araha, shi ne a sa dattijo da saurayi mai na'ura a jirgi ɗaya a ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya fi ja baya, dattijo na nunawa yana faɗin suna, saurayi na adanawa. Ɗaliban sashen nazarin ƙasa da na harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero, da na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil, za su iya yin wannan a matsayin aikin kammala karatu, maimakon maimaita batutuwan da aka gaji da su.

Sai batun harshen na'urar. Da Ingilishi take zuwa, kuma da yawa daga cikin masu tuƙa jiragen nan ajami suka fi karantawa a kan boko. Lambobin ma abin tsoro ne: digiri ɗaya ya kai kilomita 111, minti ɗaya ya kusa kilomita 2, saboda haka mutumin da ya firgita ya karanta lamba ɗaya ba daidai ba a waya, ya tura masu ceto wata ƙaramar hukuma. Suna kuwa ba ya ruɗewa haka. Idan wuraren da aka adana suna ɗauke da sunayen da masunta suka sani, kuma jerin nan ɗaya yana hannun jami'an ceto, to an gama rabin aiki. Game da sunan na'urar ita kanta, ba na ɗokin a kafa kwamiti. Mun yi littafin keɓaɓɓun kalmomi tun 1990, mun yi ƙamus na Jami'ar Bayero a 2006, duk aiki ne mai daraja, amma kalmomin da suka rayu, irin su tauraron ɗan Adam da tafi-da-gidanka da a-daidaita-sahu, jama'a ne suka karɓe su don sun yi daidai da bakinsu. A ba masunta kayan shekara guda, za su raɗa mata suna, mu kuma mu rubuta.

Wa zai ɗauki nauyi? A nan ma akwai hazo. Madatsar tana hannun hukumar raya koguna, dokar sufurin ruwa tana hannun hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja, wadda ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ruwa, ceto yana hannun jiha, mashigai kuwa suna ƙasar ƙananan hukumomi. Kowa yana da hannu, don haka kowa yana da wanda zai nuna wa yatsa. Amma ƙananan hukumomin nan huɗu suna da kujeru biyu a Majalisar Wakilai, ta Kiru da Bebeji da ta Doguwa da Tudun Wada, kuma kowace shekara ana ware kuɗin ayyukan mazaɓu. Shawarata ga masu riƙe da kujerun, da shugabannin ƙananan hukumomin, ita ce su bi abin daki-daki. A fara da rigar ruwa a kowane mashigi, da layin fenti a jikin kowane jirgin fito wanda idan ruwa ya taɓa shi ba a ƙara ko da akuya, a kuma ba Sarkin Ruwa ikon hana tashi tare da goyon bayan hakimi da 'yan sanda. Daga nan a biya kuɗin man jirgi da alawus na ɗalibai da dattawa su tattara sunayen a rani ɗaya, a kafa tulluna masu launi a kan duwatsu da kututturan da suka fi haɗari, domin tullu kowa na iya karanta shi. Bayan haka ne za a sayo na'urorin, a bayar da su ta hannun ƙungiyoyin masunta bisa rance mai sauƙi, kowacce da jerin sunayen a cikinta, a kuma koya wa masu gyaran waya biyu ko uku a garin Tiga yadda ake kafa su da gyara su.