Wa Ya Kashe Mai Sabulu?

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa zan ajiye maganar taki da iri, in ba ku labarin wani kisan kai da aka yi a shekarar 1898 a garin masu neman zinariya, can ƙasar Alaska a arewacin Amurka. Har wa yau masana tarihi ba su daidaita a kan wanda ya yi harbin ba. Ina da nawa ra'ayi, amma bari mu fara da yadda garin ya kafu.

A watan Agusta na 1896 aka sami zinariya a wani rafi mai zuba cikin kogin Klondike, a ƙasar Kanada. Labarin bai bazu ba sai a watan Yuli na 1897, sa'ad da jiragen ruwa biyu suka iso biranen San Francisco da Seattle ɗauke da waɗanda suka haƙo ta. Nan da nan mutane suka bar gonaki da kantuna da ofisoshi. An ƙiyasta mutum wajen 100,000 ne suka kama hanya. Waɗanda suka kai ba su wuce 30,000 zuwa 40,000 ba. Waɗanda suka sami zinariyar wajen 4,000 ne, a cikinsu ma 'yan ɗaruruwa kaɗai suka yi arziki.

Mai zuwa can yakan sauka daga jirgi a gaɓar Alaska, ya haura duwatsu masu ƙanƙara, sa'an nan ya haɗa kwalekwale ya bi kogi. Tafiyar ta fi mil 500. Hukumar Kanada ba ta barin mutum ya shiga ƙasarta sai da abincin shekara guda, wanda in an haɗa shi da kayan aiki yakan kai kusan tan ɗaya. A ɗaya daga cikin hanyoyin dutsen, dawaki wajen 3,000 suka mutu. A gindin wannan hanya garin Skagway yake. Kafin Yulin 1897 gida ɗaya ne a wurin, amma cikin shekara guda jama'a ta kai mutum 8,000 ko fi. Kowa baƙo ne, kowa da kuɗin guzuri a ƙugunsa, kowa kuma sauri yake yi. Babu mai unguwa, babu dattijon da ya san uban wani.

Cikin wannan taro wani mutum ya shigo mai suna Jefferson Smith. Ana yi masa laƙabi da Soapy, wato Mai Sabulu, saboda wata damfara da ya daɗe yana yi a birnin Denver. Yakan tsaya a bakin titi ya naɗe takardar kuɗi cikin sandar sabulu a idon jama'a, ya cuɗa ta da sauran, ya ce kowa ya saya ya gwada sa'arsa. Yaransa da ke cikin taron su ne kullum suke cin kuɗin, sauran kuwa su koma gida da sabulu mai tsada.

A Skagway ya buɗe ofishin buga waya. Baƙo ya biya dala 5 a aika wa iyalinsa saƙo, alhali wayar tangaraho ba ta iso garin ba sai 1901. Amfanin ofishin shi ne a ga kaurin jakar mutum, a san ko ya isa a ja shi wurin caca. Ɗan dokan gwamnati da ke garin yana cin abinci a hannunsa, haka kuma wani ɗan jarida. A gefe guda kuma Mai Sabulu yana da kyauta. Yana ba majami'a gudummawa, yana taimakon gwauraye, yana biya wa wanda aka tsiyata kuɗin jirgin komawa gida. A watan Maris na 1898 wata ƙungiyar 'yan gari da ake kira Kwamitin 101 ta yi shelar 'yan damfara su bar garin. Sai ya kafa tasa ƙungiya, ya ce ta kiyaye doka ce, mai mutum 317. Masu shela suka yi tsit. Ran 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin Amurka, yana bisa doki cikin manyan masu jagorar jerin gwano.

Kwana huɗu ya rage masa a duniya. Wani mai haƙa, John Stewart, ya dawo daga Klondike da jakar zinariya ta wajen dala 2,700. Ran 8 ga wata yaran Mai Sabulu suka ja shi cacar kati, suka fizge jakar suka gudu. Stewart bai yi shiru ba, ya bi gari yana faɗa wa kowa. Manyan gari suka nemi a mayar masa da kayansa, Mai Sabulu ya ƙi, ya ce a caca ya rasa su.

Da maraice jama'a suka yi taro a ƙarshen wata doguwar gadar katako ta tashar jirgin ruwa, suka sa mutum huɗu gadi. Mai Sabulu ya zo da bindiga a kafaɗa, ya kuwa sha giya. Ɗaya daga cikin masu gadin, Frank Reid, wanda ya auna filayen garin, ya tare shi. Suka kama kokawa a kan bindigar, aka ji harbi. Mai Sabulu ya mutu nan take da harsashi a zuciya, yana da shekara 37. Reid ya sami mummunan rauni, ya yi kwana 12 yana jinya ya rasu.

Masu binciken gawa suka ce Reid ne ya kashe shi. Amma tun a lokacin akwai wata magana dabam, cewa bayan Reid ya faɗi, wani mai gadin, Jesse Murphy, ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa, ya ƙwace bindigar ya harbe mai ita da ita. Sam Steele, babban jami'in 'yan sandan Kanada a wannan iyaka, sunan Murphy ya sa a rahotonsa. Gari dai ya tsaya a kan Reid. Aka yi masa jana'izar da garin bai taɓa ganin irinta ba, aka kafa babban dutse a kabarinsa. Mai Sabulu kuwa aka binne shi 'yan taku kaɗan a wajen iyakar makabarta.

To, ga ra'ayina. Ina ganin maganar ba ta warware ba domin mutanen gari ba su so ta warware. In Murphy ne ya yi harbin, to ya harbi mutumin da aka riga aka raba da makami, kuma Murphy yana da rai. Sai an kai shi gaban alƙali, sai an kira shaidu, shaidu kuwa in suka buɗe baki ba a san inda za su tsaya ba. Reid yana bakin mutuwa, ba mai kai shi shari'a. Mugu ya mutu, jarumi ya mutu, ba sauran mai rai da za a tambaya. Wannan labari ya yi wa kowa daidai.

Tambayar da aka binne tare da mutanen nan biyu ita ce ta fi damuna: wa ya ciyar da Mai Sabulu har ya yi ƙiba? Wata da watanni ana tatsar baƙi a tsakiyar gari da rana tsaka. Kuɗin da aka ƙwace a hannun baƙo a kantunan garin ake kashe su, saboda haka mai kanti bai ga abin faɗa ba. Mai karɓar gudummawa bai tambayi daga ina ta fito ba. Me ya sa jakar Stewart ta tayar da gari? Domin yana cikin na farko da suka dawo da zinariya a wannan shekara, dubbai kuma suna bayansa. 'Yan kasuwa suka ga in labari ya kai Klondike, masu zinariya za su bi wata hanya su bar su da kayansu. Sai ran nan kowa ya tuna sata ba ta da kyau. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wani zai ce, me talaka zai yi tun da ɗan doka ma an saye shi? Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma mu duba abu biyu. Na ɗaya, daren da jama'a suka tashi da gaske, cikin 'yan kwanaki aka kame yaran, aka tuɓe ɗan dokan, aka samo yawancin zinariyar Stewart aka mayar masa. Ashe ƙarfin yana nan tun da daɗewa, niyya ce babu. Da an yi amfani da shi a watan Maris, wataƙila da ba a haƙa kabari ko ɗaya ba. Na biyu, a hayin iyaka, a garin Dawson inda zinariyar take, mutanen su ne dai waɗanda suka ratsa ta Skagway, kwaɗayin ma shi ne. Amma 'yan sandan Kanada sun hana yawo da ƙaramar bindiga a gari, suna kuma rubuta sunan matafiya da lambar kwalekwalensu. Wanda ya san an rubuta sunansa yakan yi tunani kafin ya ɗaga hannu.

Ban kawo wannan labari don hira kawai ba. Mu ma mun ga yadda zinariya take kafa gari cikin dare ɗaya. Mun gani a Zamfara, inda a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Mun gani a Jado ta Jamhuriyar Nijar, inda dubban samari suka kwarara cikin hamada a 2014. Wasunmu suna da ƙane ko ɗa da ya ajiye fartanya ya tafi, wasu kuma nasu yana shirin tafiya da zarar an gama girbi.

Ba na zagin yaron da ya tafi, gama na san abin da gona take bayarwa a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Amma kafin ya ɗaura jaka, a zaunar da shi a yi masa lissafin Klondike, mutum 100 suka tashi, 4 suka ga zinariya. A tambaye shi wa yake riƙe da ma'auni a wurin, wa yake raba gardama, wa zai aiko gida in wani abu ya same shi. In ba shi da amsa, to ya san irin garin da za shi. Magatakardan ƙungiya ya rubuta sunan duk wanda ya tafi, da inda ya nufa, da wanda ya tafi tare da shi.

Mu da muka rage a gida kuma, kada mu ɗauka halin Skagway na Turawa ne kaɗai. In wani ya zo taron ƙungiya da kyauta mai nauyi, ba mu kuwa san gonarsa ko sana'arsa ba, tambayarsa ba rashin kunya ba ce. In mun ga ana cutar baƙo a kasuwarmu da mudun ƙarya, mu yi magana tun ranar, kada mu jira sai buhunmu aka taɓa. Mutanen Skagway sun jira, abin da ya biyo baya kuwa gawa biyu ne da tambayar da ta fi shekara 120 ba a amsa ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka.