Mu tuna da sojojinmu na Kpekpakandi, mu tuna da malamansu



A daren 10 ga Mayu 2022, wayewar garin 11, mahara a kan babura suka afka wa sansanin soja na Kpekpakandi, cikin Kpendjal, dab da iyakar Burkina Faso. Sojoji 8 suka kwanta dama, 13 suka ji rauni. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. A watan Afrilu 2023, Faure Gnassingbe da bakinsa ya ce yaƙin arewa ya ci sojoji kusan 40 da farar hula kusan 100. Wa ya karanta mana sunayensu? Wa ya leƙa gidajen matan da suka bari?

Kowa ya san gidajen da soja ke fitowa. A nan arewa, yaron talaka da ya gama karatu, in ya nemi aikin gwamnati, galibi alli zai riƙe ko bindiga. Malamin da ke gaban allo da sojan da ke gadin iyaka a benci ɗaya suka zauna. To, dubi yadda aka saka musu. Makonni kaɗan kafin harin Kpekpakandi, gwamnati ta kori malaman makaranta fiye da 100 saboda yajin aikin ƙungiyar SET. Laifinsu, sun nemi a gyara musu albashi da yanayin aiki.

Dapaong ba ta manta da 15 ga Afrilu 2013 ba, ranar da harsashi ya kashe Anselme Sinandare, ɗan shekara 12, cikin 'yan makarantar da suka fito don malamansu. Ba ta manta da yara 7 na Margba ba, waɗanda jirgin soja ya hallaka bisa kuskure a watan Yuli 2022.

Tun Yuni 2022 yankin Savanes ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Muna tare da sojojinmu, domin jininmu ne. Amma ajin da babu malami ƙofa ce a buɗe ga masu yaudarar samari su shiga daji.

Ga abin da 'yan takararmu za su tsaya a kai a majalisa: a karanta sunan kowane sojan da ya rasu a fagen fama, a biya iyalinsa haƙƙinsu ba tare da jeka-ka-dawo ba, gwamnati ta ɗauki nauyin karatun marayunsa, a kuma mayar da malaman da aka kora bakin aikinsu.

Gida ɗaya ke mulkin Togo tun 1967. Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta, mu kuwa mun ga Larabar. Ranar zaɓe, ku ɗauki katin zaɓe, ku fito da iyalanku, ku tsaya har a ƙirga ƙuri'a a gabanku.