Ra'ayinmu: Darasi Daga Kotun Hillsboro

A daren 1 ga Janairun 1993, gobarar da ta samo asali daga wayar lantarki ta cinye ginin kotun gundumar Hill da ke Hillsboro, wani ƙaramin gari a jihar Teksas ta Amurka. Rufi ya rufta, hasumiyar agogo ta faɗo, bangayen dutse kawai suka rage a tsaye.

Ginin ba ƙarami ba ne a idon mutanen garin. An kammala shi a 1890 bisa zanen Wesley Clark Dodson, da farin dutse, hawa 3, da manyan ginshiƙai da rufi irin na Faransa, ga hasumiya da ake hangowa daga nesa. An kafa shi a tsakiyar dandali, shaguna sun kewaye shi ta kowace fuska. Wannan tsari ba a banza aka yi shi ba. A irin waɗannan kotuna ake rajistar filaye da gidaje, a nan ake rubuta jingina, a nan mai bin bashi ke kai ƙara. Manomin da ya shigo saboda takarda ba ya komawa gida sai ya bi ta shaguna.

Garin Canton, shi ma a Teksas, shaida ne. Tun shekarun 1850 jama'a ke taruwa ranar Litinin ta farkon wata saboda zaman alƙali, suna cinikin dawaki da amfanin gona a bakin kotu. Daga nan aka samu kasuwar wata-wata da har yanzu dubban 'yan kasuwa ke ci.

Mutanen Hillsboro ba su naɗe hannu ba. Sun tara gudummawa, mawaƙi Willie Nelson, ɗan gundumar, ya yi wasannin neman taimako, kuma a 1999 ginin ya dawo yadda yake. A wannan shekarar ce Teksas, mai gundumomi 254, ta kafa shirin tallafa wa gyaran tsofaffin kotunanta.

A ganinmu, akwai abin lura a nan ga 'yan kasuwarmu na kan iyaka. Sanin kowa ne cinikinmu a kan amana yake tafiya, amma ranar da amana ta karye, ko mai shago ya rasu magada suka taso, takardar da ke ajiye a kotu ce ke raba gardama. In ta ƙone, mai ƙarfi ne zai cinye mai gaskiya.

Don haka muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su matsa wa hukumomi lamba a duba wayoyin lantarkin tsofaffin kotuna da ɗakunan ajiyar takardu, a kuma adana kwafinsu a kwamfuta da wani wuri dabam. Kowane ɗan kasuwa ma ya ajiye kwafin tasa nesa da shago. Hillsboro sai da ta shekara 6 kafin ta maido da gininta. Rigakafi dai ya fi magani.